Maganar da Na Haɗiye a Tsohuwar Sinima

Magariya, Talata da hantsi

Zuwa ga uwar ɗakina, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara. Zuwa ga gawon gonata, wadda take shimfiɗa mini inuwa a lokacin da sauran itatuwa suka zubar da ganye. Zuwa ga wadda ƙarar takalminta a tsakar gida ta fi mini kiɗan kowane biki, wadda shirunta ma hira ne, wadda fushinta ba ya hayaƙi amma yana ƙuna. Amincin Allah ya tabbata a gare ki.

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa. Yaya gajiyar aiki? Yaya gwiwar nan taki ta hagu, tana barin ki ki yi salla a tsaye? Ki gaishe mini da ƙanwarki Saliha da maigidanta da duk mutanen gidan. Ajimi direba zai ba ki wannan takarda hannu da hannu, kuma a cikin ƙyallen da na naɗe ta za ki tarar da tabaraunki da kika bari a kan taga. Da gangan na haɗa su, don kada ki ce idonki ba ya gani ki miƙa wa wani ya karanta miki. Abin da ke ciki naki ne ke kaɗai, kuma na sha wuya kafin ya fito.

Yau kwana goma sha tara ke nan da kika hau motar Mallawa. Kin ce za ki taya Saliha roron wake, kwana uku ko huɗu ki dawo. To, wake ya shiga buhu, harawa ta hau reshen itace, har malalacin manomi ya ɗaure daminsa na ƙarshe, ke ba ki dawo ba. In na kira salularki sai ki ce lafiya lau, ki tambayi awaki, ki tambaya ko ina shan maganin hawan jinina, da na buɗe baki zan tambayi ranar dawowa sai ki ce rezon waya ba kyau. Rezon Mallawa yana da hankali ƙwarai, ya san daidai inda zai yanke. Shekaranjiya kuma kika aiko a ba da keken ɗinkinki. Macen da za ta dawo jibi ba ta aikowa a ɗauko mata keke. Ban bayar ba, na ce igiyarsa ta tsinke sai an gyara, Allah ya yafe mini. In kin karanta wannan takarda har ƙarshe kika ga har yanzu kina son sa, zan ɗora shi a mota da hannuna.

Da yaji kika yi, da na san hanya: in nemi dattawa biyu, in sayi goro, mu je biko. Amma ba ki ɗaga murya ba, ba ki fasa ko ludayi ba. Kin dai ɗauke kanki a hankali, yadda kike sauke tukunya daga murhu. Abin da nake tsoro shi ne ki zauna can, ki ga kwana yana wucewa lafiya lau ba ni a ciki, ki duba ki ga babu abin da kika rasa, tun da abin da kika daɗe kina jira a gidana dama ba ki samu ba. Ina so ki dawo. Shi ya sa na zauna da bik ɗin rubutu da kaye, littafin nan na 'yan makaranta, kamar ɗan lakwal, ni da na yi shekara talatin da biyar ina sa wasu rubutu.

Kin san inda abin ya faru, amma bari in ɗauko shi daga tushe, don sai yanzu na ga tushen.

Kin tuna lokacin da nake zuwa zance ƙofar gidanku? Ina sabon mushe, wato malamin makaranta, da wando mai karin guga da keken aro. A lokacin sinima tana tashe. Bango huɗu ne babu rufi, wani attajirin gyaɗa ya gina ta tun ba a haife mu ba, da farin bango inda hoto yake sauka, da dakalin siminti jere-jere. 'Yan matan gidan mutunci ba sa shiga. Ko ta ƙofar kika bi za ki kasuwa sai kin kau da kai. Don haka ni ne sinimarki. In na kalla ranar Asabar, Lahadi da maraice in zo in zauna a kan tabarmar da kike shimfiɗa mini, ke kina daga bakin zaure kina wasa da gefen mayafi, in kwashe labari kaf in ba ki: yadda aka raba wa da ƙane tun suna ƙanana, yadda mugu ya ƙwace gonar marayu, yadda doki ya tsallake rami. Ina yi har da hannu da ƙafa, kina dariya kina rufe baki. Amma duk lokacin da na kawo inda saurayi ya tsaya gaban budurwa, sai ki ɗago ido ki ce, to sai ya ce mata me? Ni kuwa sai in ce, sai aka yi waƙa. Sau nawa kika yi mini wannan tambaya, masoyiyata? Sau nawa na ba ki wannan amsa? Ni na ɗauka wasa ne muke yi mu biyu.

Ba ni na ƙago dabarar ba, a wurin Tamu na koya, Allah ya jiƙansa. Ba ki san shi ba sai a bakina: wani dogo mai murya kamar ganga, wanda yake tsayawa a gefen bango yana mayar wa mutane da fim Hausa, don yawancin masu kallo ba sa jin abin da ake faɗa. Tamu yana da ƙa'ida. Faɗa yana fassara shi har ya ƙara gishiri, zagi yana rage masa kaifi, amma maganar so ba ta taɓa bi ta bakinsa. In namiji ya durƙusa yana kuka gaban mace, sai Tamu ya ce yana tambayar ta lafiyar iyayenta. Kowa ya san ba haka ba ne, kowa kuma ya gode masa, don wani yana zaune kusa da kawunsa, wani kusa da wan matarsa. Mu samarin lokacin a haka muka tashi, muna ganin wannan shi ne ladabi, har muka ɗauke shi muka shiga da shi ɗakunanmu.

Wata biyar da aurenmu aka tura ni yamma, wancan ƙauyen Zabarmawa na bakin kogi, muka yi shekara bakwai. Kin sauka ko gaisuwarsu ba ki iya ba. Ni na koyi Zabarmanci a bakin 'yan aji, irin na zauna, tashi, kawo alli. Ke kuwa kin koye shi a bakin ruwa wurin wanki, da gindin turmi, da ɗakin masu jego, inda ake faɗin maganar gaske. Kafin shekara biyu ke ce mai gyara mini harshe in na yi kwaɓa gaban maigari. Na faɗi wannan ne don ki san ban manta ba: ranar da na yi abin da na yi, na san sarai kina jin komai.

Da muka dawo gida mun tarar bidiyo ta kashe sinima. Aka ajiye takin zamani a ciki, aka ɗaure awaki, daga baya aka bar wa tumfafiya da jemagu. Shekara kusan talatin muna wuce ta kamar kabarin wanda ba mu sani ba. Sai bara ƙungiyar matasan gari, da Kamalu a gaba, wanda na koyar a ajin ƙarshe, suka haɗa kai da meri, hukumar gari, da 'yan gari mazauna waje suka tashe ta. Suka ɗora rufin kwano, suka rataya labule masu kauri don a iya kallo bayan la'asar, mata da dattawa su zo su koma kafin magariba. Dakalin nan na dā suka bar shi, suka dai toshe tsagarsa, farin bango kuma suka sake shafe shi. Sannan suka sa bikin fina-finai na kwana biyar, festibal in ji su, na 'yan ƙasa zalla. Kamalu ya zo har gida, kina jin sa, ya durƙusa ya ce akwai waɗanda ba da Hausa aka yi su ba, rubutun Faransanci ne a ƙasa, rabin mutanenmu kuma ba sa karantawa, ko zan riƙe mikoro, abin magana, in yi musu aikin Tamu. Na karɓa har ina hura hanci.

Ke kuwa ban taɓa ganin kin shirya wa wani biki yadda kika shirya wa wannan ba. Kika ɗinka atamfa mai koren ganye, kika sa lalle har idon sawu, ke mai jikoki shida. Da na tsokane ki ko amarya za a kai, kika ce shekara talatin da shida kina jin labarin ɗakin nan a bakin mutum ɗaya, yau za ki je ki ga abin da yake ragewa. Na yi dariya na wuce. Da ina da kunne, da a nan na ji.

Ranar farko na ga kin tsaya a 'yar tagar da ake yankan tike, kin shafa katakonta da tafin hannu, kin shiga da bisimilla kamar mai tarewa a sabon ɗaki. Ƙamshin farar ƙasa ya cika wurin, ko da yake mai dogon hanci zai ji jemagu ba su gama sallama ba. Mata aka ba dama, maza hagu, da igiya a tsakani. Daga inda nake tsaye a gefen bango ina hango ki a layi na huɗu, a gindin ginshiƙi. Da aka saki labule, hasken bango ya dawo ya zauna a fuskarki, wallahi sai na ga yarinyar nan ta bakin zaure, ba furfura ba gajiya. Aka nuna na matan Yekuwa masu jan ruwa da sa a rijiya mai zurfi. Mutanen Yekuwa da suka zo a amalanke suka dinga kiran sunayen juna, wata tsohuwa ta gane san gidansu mai karyayyen ƙaho, ta miƙe tsaye tana yi masa faɗa a kan ɓarnar da ya yi mata a gonar dawa. Kika yi dariya har kina share hawaye. Ni fim na je kallo ko ke? Kwana biyu aka yi haka, fina-finan duka na Hausa ne, mikoro yana hannuna ba aiki, idona kuma yana da aiki.

Rana ta uku aka sa na kogi. Wata matashiya 'yar yamma ce ta yi shi da Zabarmanci, gajere, bai wuce rabin awa ba. Wani tsohon masunci ne ya ɗauko matarsa marar lafiya a kwalekwale zai kai ta likita a ƙetare. Mutum biyu, da ruwa, da sandar tuƙi, shi ke nan. Da fari aikina ya tafi daidai: ya ce ta sha ruwa, na ce ya ce ta sha ruwa, ta ce ya rufe kaji kafin su fito, na faɗa, aka yi murmushi. Sai a tsakiyar kogi ya ajiye sanda, ya bar jirgi yana tafiya da kansa, ya dubi matar ya fara magana.

Na ji kowace kalma. Ke ma kin ji, kin ma fi ni ji. Ya ce shekara arba'in yana cin tuwonta bai taɓa ce mata ya yi daɗi ba, ba don bai yi ba, sai don yana tsoron in ya buɗe baki sauran maganar za ta biyo baya. Ya ce duk ranar da ya fita kamun kifi, in zai dawo hayaƙin murhunta yake nema daga nesa, da ya hango shi sai hannunsa ya yi ƙarfi. Ya ce yana son ta. Haka ya faɗa, a fili, har sau biyu. Ya ce in ta riga shi tafiya bai san ƙofar da zai yi sallama a amsa masa ba.

Na ɗaga mikoro, sai idona ya sauka a layin gaba. Ga liman. Ga yayanki Alhaji Mutari da carbi a hannu. Ga mijin 'yarmu ta fari. Ga waɗanda na tsula wa bulala a aji sun zama masu gemu, duk sun zuba mini ido. Sai na ji muryata tana fita ta lasifika tana cewa wai ya ce mata ta gyara zama kada jirgi ya karkata, kuma Allah ya ba ta lafiya.

Tsohon ya ci gaba da magana, ni na sauke mikoro. Wani daga can baya ya ɗaga murya ya ce, "Mushe, duk wannan doguwar magana gyara zama ce?" Na ce, "Zabarmanci tsawo gare shi." Ɗaki ya ɗauki dariya, masu karanta rubutun ƙasa suka fi kowa yi, har liman ya murmusa. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin kaina, na ce yau na gaji Tamu. Sai na waiga layi na huɗu. Kowa yana dariya, ke kina kallon tsohuwar da ke cikin jirgi, hannunki a kan ƙirji, kuma ba ki dube ni ba har aka ɗaga labule.

Muka taho gida rana tana shirin faɗuwa, ina gaba kina baya kamar kullum. Ina ta zuba, ina yabon rufi, ina kushe lasifika. Sai da muka zo ƙofa ina laluben makulli, kika ce a hankali, ba da fushi ba, "Malam, ashe ko aron bakin wani aka ba ka ba ka iya faɗa." Kika shige kika hura wuta. Tuwon ranar ya yi daɗi, miyar kuka da daddawa yadda nake so. Na cinye, na wanke hannu, ban ce ya yi daɗi ba. Da safe kika ɗaure kaya.

Ga abin da ba ki sani ba, sai dai in Saliha ta jiyo a kasuwa. Ranar rufewa aka ce 'yan kallo su zaɓi wanda za a maimaita, aka ɗaga hannu, na kogi ya ci. Mata ne suka rinjaya. Ina jin sun gane an rage musu mudu. Kamalu ya miƙo mini mikoro. Layin gaba yana nan yadda yake, ba wanda ya yi fashi. Da tsohon ya ajiye sanda sai na rufe ido na bi shi kalma da kalma, tuwon, da hayaƙin, da ƙofar. Da na zo kan ina son ki muryata ta karye kamar ta ɗan shekara goma sha biyar, lasifika kuma ba ta rufa wa kowa asiri, amma na faɗa, sau biyu yadda ya faɗa. Ba wanda ya yi dariya. Ƙasa ba ta tsage ba, rufi bai faɗo ba, liman bai tashi ya fita ba. Na ji ana jan hanci a ɓangaren mata, a na maza ma wani ya yi tarin da ba na mura ba. Na buɗe ido na dubi gindin ginshiƙi, wata mata ce da ban sani ba take zaune a wurinki tana ba ɗanta nono.

A bakin ƙofa mutane suka yi ta ba ni hannu. Yayanki ya jira sai da suka ragu, ya kama hannuna bai saki ba, ya ce, "Ka iya fassara, Isufu. Amma ba mu ne masu maganar ba." Ya saki ya nufi masallaci. Mutumin da na ji kunyarsa na haɗiye magana, shi ne ya nuna mini inda zan kai ta.

Tun ranar nake kokawa da wannan takarda, na yaga rabin kaye. Da fari na so in kwafe miki maganar masuncin kawai in sa hannu, sai na ga ita ma aro ce. Ni ban taɓa riƙe sandar tuƙi ba, kin kuma san yadda nake rufe ido in an sa ni a jirgi. Ga tawa, in ta yi gurguwa ki yi haƙuri da ita.

Ina son ki. Ina son ki tun maraicen da kika fara ɗago ido kika tambaye ni me ya ce mata, na koma gida na kasa cin abinci, na ce wa uwata zazzaɓi ne. Ina son ki a shekarar da shawara ta kwantar da ni a ƙauyen kogi, kika riƙa zuwa ki tsaya a ƙofar aji da goyo a baya kina tsare yara su yi karatu, ke da a lokacin ko baƙi ɗaya ba ki sani ba, amma ba wanda ya isa ya motsa. Ina son ki ranar da muka rasa ɗanmu Hudaifa yana ɗan shekara huɗu, na dawo daga maƙabarta, kika zauna kina ba ni haƙuri, ke da ya kamata duniya ta taru ta ba ki. A ranar na so in faɗa, sai na ce ki sha ruwa. Ina son yadda kike gyara mini wuyan riga a bakin ƙofa ba tare da kin dube ni ba. Ina son yadda kike ɓoye mini ƙanzon tuwo ki ce wa jikoki ya ƙare. Ina son gardamarki, wadda kike yi da kalma uku ki bar ni da ɗari. Ke ce ƙamshin ƙasa a ruwan farko, wanda duk shekara yake zuwa kuma duk shekara sabo ne. Wane irin mutum ne zai zauna shekara talatin da shida a cikin wannan ni'ima ya kasa cewa ya gani? Wane irin malami ne zai koya wa yara dubu magana ya rasa guda ɗaya ta matarsa?

Kada ki ce yunwa ce ta sa ni waƙa. 'Yarmu tana aiko da abinci safe da yamma, har ina ba maƙwabta. Rigunana a wanke suke. Gidan ne ya yi mini faɗi. Kujerarki 'yar tsugunno tana gindin durumi inda kika bar ta, in zan wuce sai in zagaye ta kamar akwai mai zama. Ruwan randa ni nake zubawa, daga rijiya ɗaya, amma ba ya yin sanyin da yake yi a hannunki. Da la'asar nakan ji an taɓa ƙofa in miƙe, sai in tarar akuya ce. In na ji labari mai daɗi a rediyo sai in juya in ba ki, in ga bango. Ashe duk surutun da nake yi a duniya mutum ɗaya nake yi wa.

Ba zan yi miki alkawarin zama mawaƙi ba, tsufa ya riga ya kama harshen. Abin da zan iya shi zan ɗauka. In tuwo ya yi daɗi zan ce ya yi. In kika sa lalle zan ce na gani. In zuciyata ta cika zan buɗe baki tun tana da zafi, ko wa ke zaune. Kamalu ya ce za su riƙa buɗe sinima duk Asabar bayan la'asar. Na ce ya nemi wani mai mikoro, ni ɗan kallo ne yanzu. Zan raka ki har bakin igiya, in an tashi mu taho tare kafaɗa da kafaɗa, masu magana su yi.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. Ki duba takardar nan daga sama har inda kike, ba za ki ga sunanki ba. Haka na tashi na ga ubana yana yi da uwata: namiji ba ya kama sunan matarsa ta fari. Na rubuta shi a takardun meri, a takardun haihuwar yara, a katin likita, da haruffan Faransanci har da wutsiyarsu, amma bakina bai ɗauke shi ba tun ranar da aka shafa fatiha. In na shigo sai in ce, kina ciki? In ina son ruwa sai in yi gyaran murya. Ƙaramar jikarmu har ta taɓa tambaya ko sunan kakarta Kina Ciki, muka yi dariya, ke taki ba ta daɗe ba. An ce girmamawa ce, ni ma haka na ɗauka. Yanzu ina tunanin yadda mace za ta tsufa a gida ba ta taɓa jin yadda sunanta yake a bakin mijinta ba.

Kwana uku ke nan ina gwada shi a tsakar gida. Ranar farko leɓe ne kawai ya motsa. Jiya ya fito har maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta tambaya ko kin dawo. Ranar kasuwar Mallawa mai zuwa zan shigo motar farko. Zan tsaya a ƙofar gidan Saliha da rana tsaka, in yi sallama, in kira ki da sunan da mahaifinki ya raɗa miki, maigidan yana ji, maƙwabta suna ji. In kin fito, alhamdu lillahi. In ba ki fito ba zan zauna a dakali in huta in sake kira. Na ajiye alli, ba inda nake sauri. Ki dai yi mini uzuri in muryar ta yi rawa, sabon shiga ne.

Ni naki ne a kwanakin da suka wuce, naki a waɗanda Allah ya rage mini, yawa ko kaɗan, kuma ina roƙon ya sa ni naki a inda ba a rabuwa.

Habsatu.

Habsatu, ki dawo gida.

Mijinki,
Isufu